Ta Gidan Alhaji Gana

A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a bakin tasha, kafin a sami mulkin kai, duk wanda ya yi elemantare a Fagge ya san Malam Abdulmuminu, ko da yake ba mai kiransa da wannan dogon suna. Malam Mumuni ake ce masa. Dogo ne siriri, ga wuya kamar na zalɓe, kullum yana bisa wani tsohon keke da ƙararsa ke riga shi isa makaranta. Shi ke riƙe da aji ɗaya, ajin masu majina da kuka, wanda kowane malami ke gudu. Abin da aka fi tuna shi da shi kuwa shi ne tambaya. In ka ji wani dattijo a Kwari ana tsakiyar musu ya karkata kai ya ce, "To kai me kake gani?" ka bincika, a hannun Malam Mumuni ya koyi abacada. Mutane sun ɗauka a makarantar horon malamai aka koya masa wannan dabara. Ba can ba ne. Dalilin yana cikin gidansa, kuma shi ba mutum ba ne mai faɗin sirrinsa.

Gidansu gidan malamai ne, asalinsu Kazaure, aikin rubutu a kotun alƙali ya kawo mahaifinsu Kano. Irin gidajen nan ne da kunya ta fi tuwo yawa. Tsohon har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunan 'yarsa ta fari, Rabi'atu, ba. In yana son ruwan alwala, ita kaɗai ce kuma a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce, "Wai ba kowa ne a gidan nan?" Haka Mumuni ya tashi ya gani, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zama hira da shi. Bai taɓa ganin aibin abin ba sai da ya zo kansa.

Ya auri Ummakulsum, Allah ya ba su 'ya mace, aka raɗa mata Fatima. Ranar yaye Yaya Rabi ta zo da sabon zane ta goye yarinyar ta tafi da ita, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma dama 'yar fari ba ta iyayenta ba ce. Ba wanda ya ce uffan, abin da ake yi ke nan. Mijin Yaya Rabi, Alhaji Gana, Babarbare ne mai saro yadi a kantunan Kwari yana kai wa ƙauyuka, a bakin mutanen gidansa Fatima ta koma Bintu. Ta tashi tana kiran Rabi Inna, Alhaji Gana Baba, shi kuwa Mumuni Kawu. Bayanta Ummakulsum ta sake haihuwa har sau biyu, ba su zauna ba. Sai ya zama 'ya ɗaya gare su a duniya, tana nan bayan lungu, amma ko a mafarki ba za su iya buɗe baki su ce a dawo da ita ba.

In ya biyo ta ƙofar gidan yayarsa ya tarar da yara suna wasan 'yar carafke, sai ta sheƙo ta kama masa keke. "Kawu, sannu da zuwa." Shi kuma ya dubi kan katanga ya ce, "Yauwa." Alewar da yake so ya ba ta sai ya saya wa yaran lungun gaba ɗaya, ya miƙa wa babbarsu ta raba. Yaran suna ganin ba mai kyauta kamar Malam. Shi kuwa ya tafi yana tura keke, zuciyarsa na ciwo, don bai san ko tana son alewar ba ma.

Ana nan aka ce kowace unguwa ta kawo yara makaranta, har da mata. Masu wayo suka ɓoye nasu a ƙauye. Alhaji Gana, da yake mutum ne mai yawo ya ga amfanin karatu, da kansa ya riƙo hannun Bintu ya kawo ta. Ina za a sa sabuwar yarinya in ba aji ɗaya ba? Da safen nan Malam Mumuni ya tsaya yana kiran sunaye, yara na amsawa, har ya iso kanta. Ya gyara murya, ya sake gyarawa, sannan ya ce, "Ta gidan Alhaji Gana."

"Na'am, Malam."

Yara suka yi dariya, sunan kuma ya bi ta. Kullum haka yake kiranta, ita kaɗai a ajin.

Da farko ya ɗauka ya tsinci dami a kala, ga ta a gabansa kullum daga safe har azahar. Ashe da sauran aiki. Karatun wancan zamani amshi ne. Malami ya faɗa, aji ya ɗauka gaba ɗaya, rufin kwano na girgiza. "Biyu a tara da biyu?" "Huɗu!" Ya kasa kunne iyakar kasawa ko zai tsinto muryarta a cikin wannan ihu, ina. Ya tsayar da ita ita kaɗai ya tambaye ta kuwa, wannan ya zama magana da ita ke nan, bakinsa ba zai iya ba. Yana ganin leɓenta na motsi daga nesa, shi ke nan rabonsa.

A gida Ummakulsum na jiransa. Ita tata kunyar ta fi tasa, ga kulle, sai ta yi wata ba ta sa yarinyar a ido ba. Ba ta iya tambaya kai tsaye. Sai ta ajiye masa kwanon abinci ta yi kamar tana gyara faifai.

"Yaya 'yan makarantar taku?"

"Lafiya lau."

"Suna dai ganewa?"

"Suna ganewa."

Iyakar abin da yake da shi ke nan, ita ma ta san iyakarsa ke nan. Su biyu kowa ya san abin da ke cin ɗan'uwansa.

Keken nan nasa mai ƙara shi ya yi masa rana. Wata Laraba sarƙa ta tsinke, ya tura shi har Sabon Gari wurin Cyprian mai gyara, wanda duk Kano shi kaɗai ke da haƙurin wannan keke. A bayan rumfar Cyprian akwai wata 'yar rumfar kwano inda matarsa Agnes ke tara ƙananan yaran layin tana koya musu kafin su isa shiga makarantar mishan. Malam Mumuni ya zauna a benci yana jira, idon malami kuwa ba ya ganin aji ya ƙyale. Ya ga matar ta ɗaga wani ƙaton ƙoƙon dodon koɗi irin na Kudu, ta faɗi wata magana da yarensu, ta yi shiru. Ba a amsa da ihu ba. Wannan ya ɗaga hannu ya yi magana, wancan ya ƙi yarda, wata 'yar ƙarama ta miƙe tana nuni da hannu kamar mai ba da labarin gobara. Ita kuwa Agnes tana ta gyaɗa kai kawai. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ji muryar kowane yaro daban.

Da ta sallame su ya gaishe ta, ya ce, "Madam, wace tambaya kika yi musu?"

Ta amsa da Hausarta ta kasuwa, "Na ce, mai wannan gida, ina ya tafi, don me ya bar gida."

"To mece ce amsar?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Malam, ni ma ban sani ba. In na sani, don me zan tambaya? Ni ina so in ji abin da ke cikin kansu."

Ya hau kekensa ya nufo Fagge, ya wuce kwanar gidansu bai sani ba. Tambayar da ba ta da amsa ɗaya, ba yadda za a yi aji ya amsa ta da baki ɗaya. Dole kowa ya faɗi tasa. Kuma ba sai ya kira kowa ba, aji zai tambaya, mai so ya ɗaga hannu.

Washegari a hanya ya tsinci wani ɗan takalmin roba na yaro, ƙafa ɗaya, a gefen layin dogo. Bayan an gama lissafi ya ɗora shi a kan tebur ya ce, "Wannan a bakin dogo na same shi. Yaya kuke gani aka yi ya je can? Ina ɗayan?"

Yara suka zuba masa ido suna neman amsar a fuskarsa, yadda suka saba. Can wani mai ƙarfin hali ya ce, "Malam, ba a koya mana ba." Malam ya ce ya sani, shi ma ba a koya masa ba. Ya jingina da tebur ya jira, jira mai tsawo, har shi kansa ya fara jin ya yi wauta. Sannan wani ya ce ɓarawo ne ya gudu ya yar. Wata ta ce kare ne ya ɗauko. Wani ya ce na aljani ne, aljanu ƙafa ɗaya gare su, aka yi ta dariya. Sai ga hannu ya ɗago daga layin mata. Bai dube ta ba, ya dai ɗaga haɓa wajen.

"Ba yar da shi aka yi ba," in ji Bintu. "Mai shi goye yake yana barci, ya zame daga ƙafarsa. Babarsa ba ta sani ba sai da suka je gida."

Ya dubi allo ya ce, "Me ya sa aka ce haka?"

"Maɗaurin bai tsinke ba. Ba a yar da takalmi mai kyau. Kuma da tafiya yake da ƙafarsa, da ya ji ƙasa ta yi masa zafi ya tsaya."

Murya ce 'yar siririya mai ɗan kaushi, tana jan ƙarshen magana kamar mutanen gidan da ta tashi. Tun da aka haife ta bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba. Ya juya ya goge allon da ba komai a kansa.

A ranar, da Ummakulsum ta ce, "Yaya 'yan makarantar taku?" sai ya ba ta labarin takalmi. Ya faɗi ta ɓarawo, ya faɗi ta aljani, sannan ya ce, "Wata kuma ta ce..." Ta ajiye faifan. Da ya gama ta ce, "Yaya ta ce ma?" Ya maimaita. Ta sake sa shi ya maimaita, tana kallon ƙasa, abincinsa ya huce ba wanda ya lura.

Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Kullum kafin a tashi sai an yi tambayar Malam. Ina shamuwa ke zuwa in damina ta wuce? Me ya sa inuwar mutum ke gajarta da rana tsaka? In kai ne jakin mai itace, me za ka ce wa mai kai? Ya kafa wa kansa ƙa'ida: a wannan lokaci ba ya ce wa yaro daidai ne, ba ya ce masa kuskure ne. Iyakarsa, "Me ya sa ka ce haka?" ko "Wa yake ganin ba haka ba ne?" Hedimasta ya leƙo ya ce ajin ya zama kasuwar 'yan kaji. Wani mahauci ya zo har makaranta da wuƙarsa a kugu yana cewa ɗansa ya hana shi sakat, wai sai ya gaya masa ko rago ya san ranar Sallah. Malam ya ba shi haƙuri, sannan ya karkata kai ya ce, "To kai me kake gani, Sarkin Fawa?" Mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya, ya tafi bai gama faɗan ba.

Kada a mai da shi waliyyi. Saboda yarinya ɗaya ya fara, ya kuma san haka. Amma tun da ba shi da ikon tambayarta ita kaɗai, dole ya saurari kowa, kuma mutum ba ya yin wata da watanni yana sauraron yara bai fara jin daɗinsu ba. Masu in'ina suka buɗe baki. Waɗanda ake ce wa daƙiƙai aka tarar kawunansu cike suke, ba a dai taɓa buɗe murfin ba. Ita kuwa ya san ta kaɗan kaɗan. Tana tsoron rijiya. Ba ta yarda da magana don babba ne ya faɗa. Tana tausayin jakai fiye da mutane. In tana tunani sai ta ciji gefen mayafinta, kamar dai mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Duk wannan yana kwasowa ya kai gida, shi da Ummakulsum su yi ta juya shi. Shekarar nan ita ce mafi daɗi a zamansu.

Da kaka ta yi, Yaya Rabi ta aika ya zo. A zaure ta gaya masa. Mahaifiyar Alhaji ta tsufa a Yerwa, garinsu, 'yan'uwa sun matsa ya dawo gida ya buɗe kanti a can. Da an ba da hutu za su bi jirgin Nguru, daga can su hau mota. Ta faɗa tana kallonsa, ta ba shi fili. Ya san abin da take tsoro, ita ma ta san abin da ke bakinsa. In ya ce a bar masa yarinyar, ya kashe yayarsa da ranta, ya kuma zama abin faɗa a dangi har jikoki.

Ya ce, "Allah ya sa alheri ne, Yaya."

Ta sauke numfashi ta ce amin.

Ummakulsum da ta ji ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta daɗe tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe, sannan ta ce, "Can ma ana yi musu tambaya?" Wannan kam shi ma bai sani ba.

Ya zama kowace safiya yana shiga aji kamar mai cin guzurin ƙarshe. Ya tanadi tambayoyi masu yawa, yana so ya ji ta bakinta a kan komai kafin a raba su. Ana saura mako guda hutu, ya gama lissafi, ya buɗe baki zai yi tambayar ranar, sai hannunta ya riga shi. Ya ɗaga haɓa.

"Malam, yau ni ce da tambaya."

Dama yakan bari yara su kawo tasu. Ya ce, "A yi."

Ta miƙe, ta saki gefen mayafin da take cizo. Ba shi ta duba ba, aji ta duba, yadda shi yake yi. "Me kuke gani yake sa mutum ya kira sunan kowa, ya bar na mutum ɗaya?"

Yaran kuwa, da yake ya horar da su da kyau, tuni hannuwa sun tashi.

"Mantawa yake yi."

"Kullum kullum? Ba a manta abu kullum," in ji wata.

"Sunan ne yake da wuyar faɗa."

"Ko sunan babarsa ne."

"Haushinsa yake ji," in ji ɗan mahauci. "Ni ma in na yi faɗa da yaro ba na kiran sunansa."

Sai wata 'yar ƙarama a gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Ko ɗan farinsa ne. Babanmu ma ba ya kiran sunan Yayanmu."

Yara ba su ga komai a ciki ba, wasu har sun ɗaga hannu da sababbin amsoshi. Bintu ba ta ba su dama ba. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, kai me kake gani?"

Ga ƙa'idarsa nan a shirye, ita ce mafaka. Ya dubi taga ya ce, "Duk abin da aka faɗa yana iya yiwuwa. Kowa ya kawo dalilinsa." Ya ji maganar ta fita sumul, kamar kullum. Sannan ya ji abin da ya faɗa. Yarinyar nan za ta hau jirgi ta tafi ƙasar da ba lalle ya sake ganinta ba, ɗauke da amsoshi biyar ko shida, ɗaya daga ciki tana cewa haushinta yake ji. Kuma shi da bakinsa ya ce tana iya yiwuwa. Tana nan tsaye ba ta zauna ba.

"Ban da guda ɗaya," in ji shi. Muryar ba ta fito sosai ba, ya sake. "Ban da guda ɗaya. Wanda ya ce haushi, bai faɗi daidai ba. Ba haushi ba ne. Ko kusa."

Yara suka dubi juna, don ba su taɓa jin Malam ya soke amsa ba. Ɗan mahauci ya tura baki. Malam Mumuni kuwa ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dube ta sosai, ya bar ta ta ga fuskarsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Yarinya ce mai haɗa wannan da wancan, shi ya koya mata. Ya ga lokacin da abin ya zauna mata. Idonta ya sauka ƙasa a hankali, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta zauna.

Da aka buga ƙararrawa yara suka watse. Ita takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, sai gobe," ta ruga. Ranar nan kuwa sai ta zo gaban tebur ta durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, ta yi sallama ƙasa ƙasa ba tare da ta kira shi da kowane suna ba. Gaisuwar 'yar fari ce ga ubanta, ba wanda ya koya mata, ta dai gani a gidajen unguwa. Ya amsa yana kallon bango. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, baƙin ciki kuma ya biyo baya nan take, don ya san abin da wannan gaisuwa ke nufi. Kunyar da yake ji ita ma yanzu ta hau kanta.

Sauran kwanakin ya yi duk tambayoyin da ya tanada, ɗaya bayan ɗaya, mafi kyawu da ya taɓa yi a rayuwarsa. Bayan kowace sai ya jira, ya jira, har yara su gaji. Tana zaune a wurinta tana cizon mayafi, ya san tana da amsa. Ba ta sake ɗaga hannu ba har aka ba da hutu.